"Ɗan'uwa rabin jiki": ana faɗarta a kan wanda ya rasu?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani gem, wato wasan bidiyo, mai suna Brothers: A Tale of Two Sons, wanda kamfanin Starbreeze na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 2013, Josef Fares ne ya jagoranci aikin. Wanda ke da niyyar bugawa ya dakata a nan, don zan faɗi ƙarshensa.

Labarin wa da ƙane ne. Mahaifinsu na kwance rai a hannun Allah, suka tafi ɗebo masa ruwan wata bishiya da ake kira Bishiyar Rai. Mutum ɗaya ke tafiyar da su biyun a hannun gem ɗaya, wato abin da ake riƙewa ana dannawa: babban yatsan hagu na wan, na dama na ƙanen. Dab da su isa, wata yarinya da suka ceto ta rikiɗe ta zama ƙatuwar gizo-gizo, ta yi wa wan mummunan rauni. Ƙanen ya hau bishiyar ya ciko salka, kafin ya sauko rai ya yi halinsa. Ya ɗura masa ruwan, bai tashi ba. Kuma gem ɗin ba ya barinka ka zama ɗan kallo, kai da kanka za ka ja gawar zuwa kabari, ka tura ƙasa. Daga nan hannuna na hagu ya rasa abin yi, sai maganar nan ta faɗo mini: ɗan'uwa rabin jiki. Ko ta dace a nan?

Malam na Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ban san gem ba, amma karin maganar na tashi ina jinta. Ta masu rai ce. Ana faɗarta idan aka taɓa ɗan'uwan mutum ya tashi ya tsaya masa, ko idan ana sulhunta 'yan'uwa da suka yi faɗa kan gado, a tuna musu abin da ya sami ɗaya ya sami ɗayan. Ban taɓa jin an faɗe ta a zaman makoki ba. A can addu'a ake yi, a ce Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

'Yar Damagaram:
Baba Malam ya yi gaskiya. Ni da na buga, wadda ta zo mini ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk tafiyar a kan haka aka gina ta. Wan ne ke iya jan ƙarfe mai nauyi, ƙanen ne ke iya kurɗawa ta tsakanin sandunan ƙofa. In aka zo ruwa sai ƙanen ya ɗafe a bayan wansa, saboda a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, tun ranar yake tsoron ruwa.

Abban Sadiq:
Yaya, ai nan ne na rabu da ke. Jinka kowa na iya kama maka ita, maƙwabci ko mai wucewa, in an ɗora ta kan ɗaki kowa ya kama gabansa. Maganar taimako ce, babu ciwo a cikinta. Da taimako kawai yaron ya rasa, da an haɗa shi da wani ƙato ya raka shi gida, shi ke nan.

Ki tuna abin da ya faru a hanyar dawowa. Ya iso bakin ruwa shi kaɗai, cikin dare, ga maganin mahaifinsa a jikinsa. Ka tura shi da dama, ya ƙi shiga. Na daɗe a wurin ina ta gwadawa, babu rubutu ko ɗaya da zai gaya maka abin yi, domin gem ɗin ma da wani harshe na ƙirƙira suke magana, ba a fassara shi. Sai da na danna maɓallin hagu, na marigayin, wanda na ɗauke yatsana daga kansa tun a kabari, sannan yaron ya yi iyo ya haye. Wallahi a nan na yi kuka, ba a wurin binnewar ba.

Ummu Hanan:
Allah sarki. Ni ban buga ba, amma abin da Abban Sadiq ya faɗa na san shi. Yayata ta rasu, kuma har yau in zan yi wa yaranta faɗa, muryarta nake ji tana fita daga bakina. Baba Malam, da girmanka, in rabin jikinka ne yana raye, ranar da ya tafi ai ba ya zama bare. Mu mata muna faɗa a tsakaninmu, ka ji wata ta ce rabin jikina ya tafi.

Malam na Ƙofar Mata:
Allah ya jiƙanta, 'yata, ya raya abin da ta bari. Wanda aka yi wa rashi in ya faɗa da bakinsa, babu mai hana shi, ciwonsa yake faɗa. Abin da nake ja a kai shi ne mai zuwa ta'aziyya ya faɗa masa. Ka zauna gaban mutum kwana biyu da binne wansa ka ce ɗan'uwa rabin jiki, ka fama masa ciwo ne kawai.

'Yar Damagaram:
To ni har yanzu ina kan tawa. An sake gina gem ɗin a 2024, an sa mutum biyu na iya bugawa tare, kowa da yaronsa. A haka muka buga da ƙanwata, ita ta riƙe ƙaramin, muna ta kiran juna ki ja nan, ki jira ni can. Aikin jinka ne sak. Abban Sadiq, kai kaɗai ka buga, shi ya sa ka ji abin a hannunka.

Abban Sadiq:
Haka ne, ni kaɗai na buga, kuma a haka aka fara fitar da shi. Amma Yaya, ke da kika riƙe wan, bayan an binne shi me kika yi da hannunki har aka gama? Wannan nake so ki gaya mana.