Kalmar sirrin kwamfuta ta isa ta kare takardun mutanen da ke zuwa ofishinmu?

Sakatariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin lauya a Kano. Duk takardar da aka kawo ni ke ɗaukar hotonta in adana: ta gado, ta fili, ta shari'ar aure, har da katin NIN na mutane. Komai yana cikin laftof ɗaya da filash ɗin da ke yawo a jakata. Yanzu gilashin laftof ɗin ya fashe, oga ya ce a kai wa mai gyara ya kwana can. Hankalina ya ƙi kwanciya, domin akwai fayil ɗin wata baiwar Allah da ko 'yan ɗakinsu ba su san abin da ke ciki ba. Na sa kalmar sirri wajen buɗe kwamfutar. Hakan ya wadatar?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Bai wadatar ba, kuma sana'ata ce nake gaya miki. In na kwance kusoshin bayan laftof na zaro faifan ajiyar, na jona shi a wata kwamfuta, duk fayilolinki za su baje a gabana, ba wanda zai tambaye ni kalmar sirri. Har waɗanda kika goge, sau da yawa ana dawo da su.

Abin da kike buƙata shi ne a rikita bayanan da ke kan faifan kansa, yadda in ba mabuɗi sai dai a ga tarkace. In Windows ɗinki nau'in Pro ne, manhajar da ke wannan aikin, BitLocker, tana ciki, kunna shi kawai za ki yi, kuma yana kulle filash ma. In nau'in Home ne, ki sauke manhajar VeraCrypt mai irin wannan aikin, kyauta ne. Gyaran gilashi kuwa bai shafi faifai ba. Ki tsaya a yi a gabanki, ko ki ce a cire faifan a ba ki ki tafi da shi. Mai gyara na ƙwarai ba zai ji haushi ba.

Dattijon Akanta:
'Yata, Allah Ya yi miki albarka da kika damu da amanar mutane. Ki sanar da oganki cewa doka ma ta shigo maganar. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce in bayanan mutane suka fita ta hanyar da ka iya cutar da su, sai an sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 da ganewa.

Ni a ganina, ɓarakar ta fi zuwa ta WhatsApp da shagunan buga takardu. An tura takarda wayar yaron shago don ya buga, shi ke nan ta zauna can. In dole ne a tura, ki dunƙule fayil ɗin da manhajar 7-Zip, ki zaɓi tsarin kullewa na AES-256, kalmar sirrin kuma ki faɗa ta kiran waya, kada ta bi saƙo ɗaya da fayil ɗin.

Sakatariya:
Na gode Baba, na gode Malam. To in na manta kalmar fa, ko na yi tafiya oga na neman fayil?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Nan ne ake kuka, Hajiya. BitLocker zai ba ki lambar ceto mai alƙaluma 48. Ki buga ta a takarda, a sa a ambulan a liƙe, oga ya kulle a sef ɗinsa. Kada ki bar ta a cikin jakar laftof ɗin. VeraCrypt kuwa in kalmar ta ɓace, ni ma ba abin da zan iya yi miki.

Sannan ki sayi faifan waje, shi ma ki kulle shi, duk Juma'a kafin a tashi ki kwafe aikin mako a kai, ki zare shi, ya kwana wani wuri ba ofis ba. Lokaci-lokaci ki jona shi ki buɗe fayil ɗaya ko biyu, ki tabbatar suna buɗuwa.