Ƙarfe a kan yayana zai hana a yi masa TMS?

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin ƙwaƙwalwa da duk wanda aka taɓa yi wa wannan magani, ku taimaka min.

Yayana ya shekara uku yana fama da ciwon damuwa. An gwada masa fluoxetine, aka koma amitriptyline, har yanzu ba barci, ba cin abinci, shagonsa ma ya rufe. Likitansa ya ambaci TMS, na'urar da ake ɗorawa a gefen hagu na goshi tana aika bugun maganaɗisu cikin ƙwaƙwalwa, mutum na zaune ido biyu, ba allurar barci. Na karanta cewa Amurka ta amince da ita tun 2008, kuma ana yi kwana 5 a mako har wajen mako 6.

Inda na tsaya shi ne: ya taɓa haɗarin babur, aka sa masa ƙarfe a ƙashin kai, takardun aikin kuma sun ɓace. Ta yaya za mu gane irin ƙarfen? Idan titaniyom ne, ana yi? Sannan ya yi jijjiga sau ɗaya bayan haɗarin, ga shi an ce TMS kan tayar da farfaɗiya jefi-jefi.

Mahaifiyarmu har ta sa gonarta a kasuwa. Mu dakatar da ita?