Shin za a iya gina tattalin arziki a kan tunanin su Ibn Khaldun?

Ɗan Marwa:
Salamu alaikum jama'a. Wani malami ya ce mana wai da za a koma ga tunanin malaman Musulunci na da, irin su Gazali da Ibn Khaldun, da an samu tsarin da ya fi jari-hujja da gurguzu. Toh ni ina tambaya, wannan magana tana da tushe ko daɗin baki ne kawai?

Malam na Garwa:
Wa alaikumus salam. Tana da tushe ɗana, amma kar a zata sun bar mana tsari a shirye kamar tsarin mulki. Ibn Khaldun a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377 ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma baitulmali cike yake, in ta tsufa sai a yi ta ƙara haraji kuɗin shiga kuma na raguwa, don mutane sun karaya da nema. Ya kuma ce in sarki ya shiga kasuwanci da kansa talakawa ne ke cutuwa. Ka tambayi mai kai albasa daga Marwa zuwa Duwala shingaye nawa yake biya a hanya, zai fassara maka babin nan ba tare da ya karanta ba.

Hajiya mai adashi:
Malam a gafarce ni, ni dai batun kuɗin ne ya dame ni. Gazali ya ce dinari da dirhami alƙalai ne tsakanin kaya, ɓoye su zalunci ne, toh amma nasu zinariya da azurfa ne, mu kuwa sefa ce da aka ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, a 1994 ma dare ɗaya aka zabge rabin darajarta babu wanda ya shawarci 'yan kasuwar Kuseri.

Malam na Garwa:
Hajiya ai su ma sun ga irinta. Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya ɗora laifin tsadar Masar ta farkon shekarun 1400 a kan sayen muƙami da cin hanci da kuma yawan buga fulusan tagulla.

Ɗalibi a Injamena:
Ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Mutanen nan ba su san babban banki ko fetur ko bashin ƙasa da ƙasa ba, kuma a zamaninsu ana cinikin bayi a kasuwa, wannan ba a so a faɗa. Hankalinsu za mu ara, ba kasuwarsu ba. Malam, su ma ai sun saɓa kan ƙayyade farashi ko? Ibn Taimiyya ya yarda hukuma ta sa baki in 'yan kasuwa sun ɓoye kaya, toh gero da ake tarawa a sito har damina ta yi nisa fa, shi ma ya shiga wannan hukunci?