Wace tsohuwar kyamara ce ta dace da aikinka?

Da aka zauna kan batun sayen DSLR na hannu, wato babbar kyamara da ake iya canza mata gilashi, tambayar da kowa ya fara yi ita ce: me za ka ɗauka?

Masu aikin biki sun fi karkata ga Nikon D700 ta 2008. Megapiksel 12 kacal gare ta, amma a zauren da fitila ba ta da ƙarfi takan fito da fuskar amarya tas, ba yashi-yashi. Matsalarta, ba ta ɗaukar bidiyo. Mai son haɗa hoto da bidiyo sai Canon 5D Mark II, sai dai fa tana jan ƙafa wajen kama abu mai motsi. Ni kam da zan ɗauki dawakin Hawan Daushe, Canon 7D zan riƙe, mai harba hoto 8 a daƙiƙa guda.

Ɗan koyo kuwa, Nikon D90 ko D7000 da gilashin 50mm sun ishe shi.

Kafin ka biya, duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, sannan ka ɗauki hoton farin bango: ƙurar hunturu da ta shiga cikinta takan fito ɗigo-ɗigo a hoton. Ka tambayi kuɗin katin ajiye hotuna na CF ma, don D700 da 7D ba sa karɓar ƙaramin katin SD.