Wa ya taɓa karɓar kuɗin obataim a Katsina?

Mai zuba mai, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani gidan mai. An ɗauke ni a kan bakwai na safe zuwa la'asar, amma ranar da tanka ta sauke mai, sai goman dare. A tsaye nake cin abinci, hannu ɗaya cokali, ɗaya tiyo. Da na tayar da maganar obataim, wato kuɗin ƙarin awannin aiki, manaja ya ce in gode Allah, ga masu neman aikin jibge a ƙofa. Akwai wanda ya taɓa karɓar nasa?

Malama, Daura:
Ƙanena, gara kai. Mu a makarantar kuɗi, lokacin tara da yara ke cin abinci mu ne masu rabon faɗa. Lesin ɗin Asabar iyaye na biya, mu ko sisi ba ma gani.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago, Ƙofar Marusa:
Yarana, ba alfarma kuke roƙo ba. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai gaza awa 1 ba, ko a haɗe ko a rarrabe. A kowane kwana 7 kuma yana da hutun awa 24 cur. Abin da ya hau kan awannin da aka yi yarjejeniya, obataim ne. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ba ta yanke nawa za a biya ba, ta bar wa yarjejeniyarku. Shi ya sa masu gida ke gudun takarda, alhali sashe na 7 ya wajabta su ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3.

Mai gadi, hanyar Jibiya:
Ni na karɓa, amma da kyar. Shida zuwa shida muke yi, ba Juma'a ba Lahadi. Kullum in na sa hannu a littafin shiga da fita sai in ɗauki hotonsa a waya. Wata huɗu na tara. Mu biyar muka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, aka kira kamfanin, aka zauna. Da suka ji an ambaci Kotun Ma'aikata sai suka biya rabi. Bayan wata biyu kuma suka ce an rage ma'aikata, sunana ne na farko. Kada in ɓoye maka wannan.

Mai zuba mai, Ƙofar Ƙaura:
Baba, takarda dai ba a ba ni ba, da baki aka ɗauke ni, kuma kawuna ne ya kai ni wurin. Na sayi ƙaramin littafi, daga yau zan riƙa rubuta lokacin shiga da na tashi. Amma in na kai ƙara, da wane ido zan kalli kawu?