Yaya zan riƙe hankalin yara a ajin zana?

Sabuwar malama, Maradi: Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da ajin CI, wato ajin farko na firamare, a rumfar zana, kuma da zarar rana ta yi zafi, musamman a watan Afrilu, sai hankalin yaran ya watse, surutu ya hana darasi. Wace shawara za ku ba ni?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam, Malama. Ki sa karatu da lissafi da sanyin safiya, ki bar waƙa da zane sai an dawo daga hutu.

Wata malama: Ƙanwata, a ganina ba rashin ladabi ba ne, domin yaron da ya tashi da Hausa, aka fara masa da Faransanci zalla, dole ne ya gaji. Ki fara bayani da Hausa, sannan kowa ya rubuta amsa a allonsa ya ɗaga.

Daraktan makaranta: Masu yawan surutu ki maido su layin gaba, ki ba su aikin raba alli.