Yayana zai ɗauki agololinsa zuwa Amurka: waɗanne takardu za mu haɗa daga nan gida?

Auta_Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan abin nan ya haska mini. Yayana yana Greensboro, ya samu zama ɗan ƙasar Amurka. A watan Maris 2023 aka ɗaura masa aure a Tawa, nan Nijar, da wata bazawara mai yara biyu, shi yana can, baffanmu ne ya karɓa masa. Ya zo gida da babbar sallar shekarar aka yi tarewa. Takardar aure ta meri, wato ofishin magajin gari, kuwa sai a 2025 aka yi ta. Namijin an haife shi a Agusta 2006, macen shekararta 11. Ubansu yana raye, sakin baki ya yi wa uwar. Yaya ya cike I-130, fom ɗin da ake neman kawo dangi Amurka da shi, guda ɗaya da sunan matar, ya ce yaran bin ta za su yi. Wani kuma ya ce ba haka ba ne. Ni aka ɗora wa tattara takardu nan gida in tura masa. Me zan nema, kuma ta ina zan fara?

Mai_Dosiye:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya ce ba haka ba ne ya fi yayanka gaskiya. In ɗan ƙasa ne ya nemi matarsa, ita kaɗai takardar ta ɗauka, ba wanda yake bin ta a baya. Kowane agola sai an cike masa tasa I-130, an biya masa nasa kuɗi: dala 625 ta intanet, dala 675 in a takarda aka aika, farashin da aka sa tun Afrilu 2024. Ruɗanin daga masu katin zama, wato green card, yake fitowa, don su ne in sun nemi mata ƴaƴanta ƙanana ke iya shiga dosiyenta. Sai mutum ya ji labarin maƙwabcinsa ya ɗauka nasa ma haka yake.

Ba a buƙatar yayanka ya mai da su ƴaƴan riƙo a kotu. Auren uwarsu ya isa, da sharaɗi ɗaya: a ɗaura shi kafin yaro ya cika 18. Yarinyar ba ta da damuwa. Namijin ne abin dubawa, kuma duk maganarsa a kan kwanan wata ɗaya ta rataya. Ya cika 18 a Agusta 2024. In ranar aure Maris 2023 ce, yana da 16, ya shiga. In kuwa takardar meri ta nuna 2025 a matsayin ranar auren, a idon ma'aikacin USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, wannan yaro ba agolan kowa ba ne, kuɗin da aka biya kuma ba a mayarwa.

Saboda haka kafin komai ɗauko takardar auren ka karanta layi-layi. Ranar ɗaurin aure daban, ranar da aka shigar da shi rajista daban. Amurka tana amincewa da auren da ƙasar da aka ɗaura shi ta amince da shi, auren masallaci da na al'ada kuma aure ne a Nijar. Abin da ake so takardar hukuma ta faɗi ranar da aka shafa fatiha. In ba ta faɗa ba, a koma kotu da shaidun da suka halarta a nemi hukuncin da ya tabbatar da ranar. A ƙara da takardar liman, katin gayyata, hotunan da ke da kwanan wata, da rasidin kuɗin sadaki in ta hanyar tura kuɗi aka aiko. Sannan ka tambayi yayanka wace rana ya rubuta a I-130 ta matar. In 2025 ya sa can, yanzu kuma ya zo da 2023, sai ya haɗa da wasiƙar bayani, don dosiye ukun gefe da gefe za a buɗe su.

Akwai kuma maganar wakili. Auren da aka ɗaura ango ba ya wurin, dokarsu ba ta lissafa shi sai an nuna ma'auratan sun haɗu sun zauna tare bayan ɗaurin. Nan kun yi dace: ya zo a 2023, yaron bai kai 18 ba, to babu wurin gardama. A saka kwafin shafukan fasfo masu tambarin shiga da fita na filin jirgin Yamai, da tikitin jirgi, da hotunan tarewa.

Abin da ke shiga dosiyen kowane yaro: shaidar cewa yayanka ɗan ƙasa ne, wato shafin fasfonsa na Amurka ko takardar zama ɗan ƙasa; takardar aure; takardar da ta nuna auren matar na baya ya mutu, da nasa in ya taɓa yi; takardar haihuwar yaron mai ɗauke da sunan uwa; sai shaidun cewa auren na gaske ne. Kowane dosiye da nasa cikakken kwafi, kar a ce ai an saka a na ɗayan. Fom I-130A, na ƙarin bayani, matar ce kawai ke cike shi, yara ba sa cike shi.

Ba'adare:

Abin da Malam ya faɗi haka yake, amma inda anka fi faɗuwa shi ne sakin nan. Sakin baki ya raba aure a addini, ba ya da takarda, su kuwa takarda suka sani. In ba a nuna auren farko ya ƙare ba, na biyun ma bai tsaya ba, dosiyen uwa da na ɗiya duka su rushe tare. Sai a tafi jastis, tsohon mijin ko shaidu su tabbatar, a fito da takardar saki. Ku duba ranar da anka rubuta: ranar sakin ta gaskiya ake so, wadda ta riga Maris 2023, ba ranar da kuka je kotu ba. Takardar da ta nuna saki a 2026 da aure a 2023 cewa take matar ta yi aure kan aure.

Na biyu, ku lallaɓi uban tun yanzu. I-130 ba ta neman sa hannunsa, amma fasfon yarinya mai 11 da fitar da ita ƙasa suna son izinin uba a rubuce, da tambarin hukuma. A ganawa ma ana iya tambaya. Kun san a al'adarmu in yaro ya tasa dangin uba ke ganin nasu ne, kuma uban da ya ji labari a bakin duniya ya fi wuyar sha'ani. A tura manya su same shi, a karɓi izinin da kwafin katin ɗan ƙasarsa. 

Kuma in yayanka yana da wata matar da ba a rabu ba, ko can ko nan, ku tsaya tukuna. Amurka ba ta lissafa aure na biyu.

Hajiyar_Yantala:

Ɗana, bari in yi maka maganar takardun haihuwa da fassara, don nan ne ƙananan kurakurai ke cin watanni.

Kar ka tsaya ga extrait ɗan guntu, nemi copie intégrale a merin da aka yi rajistar haihuwar, mai sunan uba da uwa cikakku. In yaran da jugement, wato hukuncin kotu, aka yi musu takarda shekaru bayan haihuwa, abin karɓa ne, amma ma'aikaci yana kallon irinta da ido biyu, musamman in an yi ta dab da lokacin neman biza ko an sa 1 ga Janairu. Sai a tallafe ta da tsofaffin shaidu: katin rigakafi, takardar gidan haihuwa, takardun lakwal na ajin farko masu nuna ranar haihuwa da sunan uwa. Tsufansu shi ne darajarsu, kar a sake su da sababbi don sun yi datti. In duk da haka shakka ta rage, su ne za su ba da shawarar gwajin DNA tsakanin uwa da yaro, a ɗakin gwajin da suka amince da shi, samfurin kuma ta hannun ofishin jakadanci ake ɗauka. Wanda kuka yi da kanku a gari asarar kuɗi ne.

Yanzu shimfiɗa takardun duka a tabarma ka bi sunan uwar. In a takardar aure Aïchatou ce, a ta haihuwar yaro Aïssa, a fasfo kuma an juya sunan uba da na kaka, mu mun san mutum ɗaya ce, su mutum uku suke gani. A gyara a kotu kafin a aika. Yadda aka rubuta suna a fasfo, haka za a rubuta shi a kowane fom, harafi da harafi. Mai fassara ma kar ya yi gwaninta ya mai da Ousmane Usman.

USCIS ba ta karɓar Faransanci tsura. Kowace takarda da fassararta ta Ingilishi cikakkiya, har abin da ke cikin tambari da rubutun gefe, a ƙasa kuma mai fassara ya rubuta cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai ce, ya sa suna da hannu da rana. Ba sai an je wurin notaire ba. Ku kula da kwanan wata: su wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/08/2006 a wurinsu 8 ga Maris ce, ba 3 ga Agusta ba. Ga yaron da shekarunsa ke kan gaɓa wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Wajen aikawa, asalin takardu su zauna a hannun uwar, ranar ganawa za a nuna su. Kwafi kawai USCIS take so. Ka je inda ke da na'urar sikana a ɗauki kowace takarda gaba da baya, mai launi, a yi ta PDF, ka tura ta imel ko a matsayin fayil. Hoton waya da aka tura ta WhatsApp yana matsewa, tambari ya dushe, sai a aiko da wasiƙar neman ƙarin shaida, wadda wa'adinta ba ya wuce mako 12. In yayanka a takarda zai aika, ya sauke fom sabo daga shafin USCIS, ya sa hannu da biro, ya biya kuɗin kowanne daban. Fom marar sa hannu dawo da shi ake yi.

Auta_Tawa:

Allah ya saka da alheri. Na duba, takardar meri ta rubuta an ɗaura a Maris 2023, an yi rajista a 2025. Amma mutane suna cewa an rufe biza ga ƴan Nijar. Ba gara mu jira a buɗe ba? Kuma in cire casier judiciaire, takardar shaidar rashin laifi, yanzu?

Mai_Dosiye:

Madalla, yaron ya tsira ta wannan gefen. Jira kuwa a'a. Gaskiya ne ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da aikin biza a Yuli 2025, a Disamba kuma aka saka Nijar cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga. Wannan umarnin shugaban ƙasa ne, da sa hannu yake zuwa da sa hannu yake tafiya. Shekarun yaron fa ba su tsaya ba. Zai cika 21 a Agusta 2027. In USCIS ta karɓi I-130 ɗinsa kafin ranar, doka ta daskarar da shekarunsa a ranar karɓa, ko an kai shekara nawa ana jira yana nan a sahun ƙananan yara. In aka bari ya wuce, ya faɗa layin manyan ƴaƴa, inda ake shekaru. Takardar shaidar karɓa, I-797C, a adana ta kamar takardar fili.

Sharaɗin shi ne kar ya yi aure har ya sa ƙafa a Amurka. Ku gaya wa dangin uba wannan ɓaro-ɓaro, don ɗaurin aure ɗaya a ƙauye ya isa ya jefa shi layin masu aure, wanda ya zarce shekara goma.

Casier kar ka cire yanzu, wata uku ne ransa a nan, kuma cikin yaran namijin kaɗai ke buƙata don daga 16 ake nema. Gwajin likita ma sai an ba da ranar ganawa, wurin likitan da ofishin jakadanci ya zaɓa. Abin yi yanzu shi ne takardar ɗan ƙasa daga kotu da fasfo. In USCIS ta amince, dosiye zai koma NVC, cibiyar da ke shirya dosiyen biza kafin ganawa, a biya dala 325 kan kowane mutum, a cike fom ɗin neman biza DS-260. Yayanka ya rubuta musu su haɗa dosiye ukun don ganawa ta zo rana ɗaya, kuma kar shekara ta cika bai tuntuɓe su ba, don shirun shekara ɗaya yana sa a fara rufe dosiye.

Ya fara lissafin I-864, takardar alkawarin ɗaukar nauyinsu, tun yanzu. Ana so kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci. Gida mai mutum huɗu a 2025 dala 40,187 ne a shekara, kuma takardar harajinsa ta shekarar ƙarshe ce shaida. Mai tuƙin taksi da ya saba rage abin da yake nunawa a haraji nan yake kama kansa. In bai kai ba, sai a nemo wani mai katin zama ko ɗan ƙasa ya tsaya masa. Alkawarin nan saki ba ya warware shi, yana kansa har yaran su zama ƴan ƙasa ko su cika kimanin shekara goma suna aiki.

Hajiyar_Yantala:

Ƙari ɗaya don kar a ruɗe ku a can. Agola ba ya zama ɗan ƙasa ta hanyar mijin uwarsa ranar da ya sauka, katin zama zai samu. Tun da auren ya wuce shekara biyu, katin na shekara goma ne. Yarinyar tana iya samun zama ƴar ƙasa in uwar ta samu nata kafin yarinyar ta cika 18 tana zaune a hannunta, uwar kuma tana iya nema bayan shekara uku da katin zama in auren yana nan. Namijin shi da kansa zai nema bayan shekara biyar.